Saukar Jirgin Goggo Hamsatu

"Kada ka kashe, Nuhu! Wa yac ce ka kashe?"

Goggo Hamsatu ce ke faɗa, tana durƙushe a ƙasa, hannu ɗaya a kan kujera, ɗayan dafe da ƙirjinta. Hular kwalin da na lulluɓe mata da takarda mai ƙyalli ta gangara ƙarƙashin tebur. Mijina Nuhu ya riga ya sauke wayar da yake ɗaukar hoton da ita. Ni kuwa na yar da allura da zare na ruga na tallafe ta.

"Goggo, kin hwaɗi hwa," in ji Nuhu.

"Na sani, ni na hwaɗi. Lubabatu, ɗaga ni. Miƙo min hulata."

Na ɗaga ta. Ba ta fi nauyin damin kara ba. Ta zauna, ta gyara mayafinta, ta ɗora hular a kai, ta dubi wayar kamar babu abin da ya faru, ta ƙarasa maganar da ta fara: tana umartar matuƙin jirginta ya karkata hagu, akwai wuta a gaba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata a Anka. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye. Lokacin da take makarantar koyon jinya a Sakkwato, akwai wani shirin Turawa da ake nunawa a talabijin kowace Talata da yamma, na wasu mutum shida da ke cikin jirgi a tsakanin taurari suna neman duniyar da za su sauka. Rabin Turancin kawai take ji, amma ba ta taɓa fashi ba. Wata Talata suka taru, sai aka sa musu wani abu daban. Ba sanarwa, ba bayani. An bar jirgin a sama, shi ke nan.

A shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Abare da Duza da Tungar Guru, an sake kiran ta aiki. Iyaye mata kan kwana da kwanaki a ɗakin jinya da yara masu jijjiga, babu mai iya cewa uffan. Sai ta fara ba su labarin jirgin, daga inda Turawa suka tsaya. Ta ce shugaban jirgin ya tsufa, ya miƙa wa wata mata, Kyaftin Yalwa. Matan suka riƙa tare ta a bakin ƙofa suna tambaya, "Malama, sun sauka?"

Da aikin ya lafa, ta shigo gidanmu ta ce wa Nuhu, wanda ke da shagon cajin waya da tura fina-finai, tana son a ɗauki abin a waya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ta jira ya gama, ta ce ran Asabar za a fara.

Ɗakin ajiyarta da ke jikin zaure ya zama jirgi. Kujerar wanzami ta sayo a kasuwa, da sitiyarin wata matacciyar mota, da ƙwayayen tocila da Nuhu ya jera a jikin katako. Ni na ɗinka riguna. Na huda baƙin yadi da allura muka rataye a taga, in rana ta bugo shi ta baya sai ka rantse taurari ne. Malam Musa, tsohon direban motar asibiti, shi ne matuƙi. Sauran huɗun muryoyi ne kawai, ni da Nuhu muke yi daga bayan labule. Cikin shekara huɗu muka yi kashi goma sha ɗaya. Nuhu yana ɗora su a intanet, yana kuma tura wa mutane a waya. Mata a Bukkuyum suna aiko da memorin waya a zuba musu. Har wani Bature daga can wata ƙasa ya rubuto cewa shi ma tun yana yaro yake jiran jirgin nan, ba ya jin Hausa amma yana kallo.

Sai ciwon daji ya kama ta a nono. An yi mata aiki a Sakkwato, ciwon ya dawo. A bazarar 2016 ta daina zuwa asibiti, ta ce ta yi shekara talatin tana karanta fuskar likita, ta san abin da tasu take faɗa.

Ranar da ta faɗi ɗin nan, ba mu kai ga naɗe kaya ba muka ji tsayuwar mota. Yayanta ne, Alhaji Makau, daga Gummi. Ya yi sallama ya shigo, ya tsaya yana duban ƙwayayen tocilan, da Malam Musa riƙe da sitiyari, da ƙanwarsa da hular kwali.

"Hamsatu, mi ne ne wanga?"

"Jirgi na, Yaya. Sannu da hanya."

"Na zo in tahi da ke gida. Ki tashi a haɗa kayanki." Ya juya ga su Nuhu. "Ku kuma ba ku jin kunya? Mace tana wanga hali kuna ɗaukar ta kuna watsa ma duniya? A Gummi ɗiya na nuna ni a hanya, wai ga yayan Kyaftin."

"To ƙarya sunka yi?" in ji Goggo.

"Mutum in ya kai inda kika kai, tasbaha ya kamata shi riƙe."

Ta sa hannu a aljihun rigar Kyaftin ta zaro tasbaharta ta ɗaga masa. "Ga ta. Ba ta taɓa barin jikina ba. Sallata ban bari ba, azumina sai da ciwo ya hana. Yaya, lokacin da ɗiyan mutane ka mutuwa a hannuna, ina naɗe su a zane ina miƙa ma uwayensu, ba ka zo ka ce in dawo gida ba. Wanga shirmen da kake gani, shi yas sa wata ta buɗe baki ta ci tuwo bayan kwana ukku. Na yi masu alkawali jirgin ga zai sauka. Saura kashi guda. Ba ni zuwa ko'ina sai ya sauka."

"In kin mutu nan hwa?"

"Anka ma ƙasar Allah ta. Akwai maƙabarta."

Ya sake duban ƙwayayen tocilan. Daga baya ya ce zai sauka a gidan wani amininsa a cikin gari, ba zai koma ba sai da ita. Ta ce Allah ya ba shi haƙurin jira.

Washegari na kai mata kunu, na tarar da Nuhu zaune a bakin ƙofa yana lallashin ta. Ya ce yana da dabara: tunda ba ta iya tsayuwa, a yi kashi na ƙarshe tana kwance. Kyaftin Yalwa ta yi rashin lafiya, ta yi wasiyya, ta cika, matuƙi ya saukar da jirgin. Awa ɗaya an gama, kuma mutane za su yi kuka.

Ta ajiye ludayin.

"Ni ka mutuwa, Nuhu, ba ita ba. Matan ga sun ga mutuwa ta ishe su. Ba ni ƙara masu wata a waya. Kyaftin da ƙahwahunta za ta hita, ta taka ƙasa."

"Wace ƙasa, Goggo?"

"Rairayin gulbi. Ruwa ya janye, ba gida, ba turken lantarki. Wata duniya ke nan."

Na ce mata tafiyar za ta iya ƙarasa ta. Ta dube ni, idanun nan sun faɗa ciki amma suna nan da kaifinsu. "Zama ma ƙarasa ni shikai. Ki rage min rigar, ta yi min yawa."

Na rage ta. Sau biyu ina cin ɗinkin ciki kafin ta zauna mata.

Ran Alhamis bayan sallar asuba Malam Musa ya aro mota. Muka shimfiɗa katifa a baya. Kowane rami muka faɗa sai ta damƙe hannuna har farcenta ya shige, amma ba ta yi ƙara ba. Muka tsaya inda rairayi ya yi fari fat, ga wasu baƙaƙen duwatsu can gaba. Nuhu da Malam Musa suka kafa ƙyauren langa-langa da muka yi wa fenti, shi ne ƙofar jirgi. Aikinta ta fito ta bayansa, ta yi taku bakwai, ta durƙusa ta ɗebi ƙasa, ta yi magana.

Karon farko taku biyu ta yi ta zube. Karo na biyu ta yi huɗu, ta yi amai. Na wanke mata baki, na ce don Allah a haƙura, huɗun ma sun isa, Nuhu zai san yadda zai haɗa.

"Bakwai na rubuta," in ji ta.

Wasu Fulani mata da ke wucewa da ƙoren nono suka tsaya daga nesa suna kallo. Rana ta fara zafi. Ta ce a ba ta minti goma. Ta zauna jingine da ni, idonta a rufe, leɓɓanta suna motsi. Sai ta ce, "Bisimilla. Ku tashe ni."

Ta fito ta bayan ƙyauren. Ina ƙirgawa a zuci. A na biyar ta yi tangaɗi, Malam Musa ya yunƙura, Nuhu ya tare shi da gwiwar hannu ba tare da ya motsa wayar ba. Shida. Bakwai. Ta sauka a kan gwiwoyinta, ta cika tafinta da rairayi, ta shinshina, ta ɗanɗana da harshe kamar yadda ta tsara. Ta waiwayo ta dubi ƙofar jirgin.

"Ƙasar ga lahiya lau take," ta ce da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. "Ku hito da ɗiya. Su yi wasa."

Nuhu ya bar wayar tana ɗauka har sai da ta ce masa da kanta, "To, yanzu kashe."

Ba ta ƙara tsayuwa ba. Kwana biyu ina gidanta, ina juya ta, ina ɗiga mata ruwa da cokali. Alhaji Makau yana zuwa ya zauna a kan tabarma a bakin ƙofa yana karatu. Bai tambayi inda muka je ba, ko da yake duk garin ya sani. Ran Asabar da hantsi Nuhu ya gama haɗawa ya kawo, na riƙe mata wayar a gaban fuska. Ta kalla har ƙarshe.

"Hular ta karkace," ta ce.

"A sake, Goggo?" in ji Nuhu, yana ƙoƙarin dariya.

"Bar ta." Ta nemi numfashi. "Lubabatu, ki ji, Yaya ma shi ji. A sa shi. Kowa shi gani."

Alhaji Makau bai ɗago daga littafinsa ba. Can ya matso ya fara laƙƙana mata kalmar shahada, tana bi, muryarta tana raguwa. Kafin a kira azahar ta cika. Ni na rufe mata ido. Ni da wasu tsofaffin mata biyu muka yi mata wanka, aka kai ta bayan la'asar.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Alhaji Makau ya sa aka fitar da kayan ɗakin ajiya aka jibge a ƙofar gida. Ya aika a kira Nuhu, na biyo shi na tsaya a zaure.

"Abin da kuka ɗauka a gulbi, ka goge shi," ya ce. "Wadda ta riga mu gidan gaskiya ba a yawo da hotonta. Ni ne waliyyinta."

Nuhu ya sunkuyar da kai yana murza hula. Ban taɓa yi wa babba magana a gaban maza ba, amma na ji bakina ya buɗe.

"Baba Alhaji, kayan ɗaki naka ne, ka yi yadda kake so. Amma da sunana ta kira ni ta ba ni saƙo, kuma kana zaune. In na goge, mi zan ce mata ranar da munka haɗu?"

"Ke wa ya sa da ke?"

"Ita."

Ya dube ni, ya dubi Nuhu. "Haka kake barin iyalinka?"

"Gaskiya ta hwaɗi, Baba," in ji Nuhu a hankali.

Alhaji Makau ya kaɗe babbar rigarsa ya ce tsakaninsa da mu sai Allah ya isa, ya shiga mota. Har yau in ya zo Anka ba ya amsa gaisuwarmu.

A gidanmu waya ba ta samun sabis sosai sai a kusurwar bayan madafa. Nuhu ya danna abin da zai danna don ɗora kashin ƙarshen a intanet, ya miƙo min, ya ce zai ɗauki lokaci, shi zai je ya kwaso kujerar wanzamin kafin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su riga shi. Na kifa turmi na hau, na ɗora gwiwar hannuna a kan katanga, na ɗaga wayar sama. Wani siririn layi ya fara tafiya a fuskar wayar, ya tsaya, ya ƙara matsawa kaɗan. Daga nan ina hango tsakar gidan Goggo. An share shi tas, an naɗe tabarmi. Kaji biyu suna tsattsagar gumbar sadaka da ta zube a gindin randa. Hannuna ya gaji, na sauya ɗayan.