Rundunar Dalma ta Abdulbaƙi

Tani ta taso daga Jugu da huhun goro, ta sauka gidan ƙanenta Abdulbaƙi a Paraku ta ƙasar Dahome, ta tarar da shi, ƙato guda, magatakarda a tashar jirgi, ya duƙufa kan wasu 'yan mitsi-mitsin sojojin dalma. Bature maigidansa ne ya bar masa su da zai koma Faransa, kuma duk Lahadi Abdulbaƙi da wani abokinsa sukan jera su a tebur, wai yaƙi suke yi. Ko ruwa bai ba ta ba, sai cika baki.

"Yaya, dubi rundunata! Da duk farare ne, na bi su da fenti na mai da su baƙaƙe. Ga rawani irin na kakanninmu fatake, ga tutar Dahome. Mulkin mallaka ya ƙare a teburin nan!"

Tani ta taɓe baki, ta ɗago wani a kan doki, fari sol, mai jan kunci.

"Wannan fa? Fentin ne ya ƙare?"

Abdulbaƙi ya yi wuf ya karɓe, ya goge shi da hannun riga.

"Haba Yaya, a hankali mana! Ai wannan kumandan ne."