Littafi Cikin Rigar Wani

Da ta kwance hannun injin matse littattafai ta zaro littafin, sai da Digiri ta shinshina shi tukuna. Gam ya bushe sarai, shuɗin yadin ya kwanta a kan kwali luf, kusurwa huɗu babu wadda ta yi kunne. Ta buɗe shafin farko tana jiran ta ga mai kaɗa ƙararrawa kwance matacce a gindin hasumiya, inda labarin nata yake farawa. Sai ta ga taswira, da jerin sunayen tsofaffin limaman coci, da rubutun hannu a gefe da tawadar da ta koɗe.

Ta rufe, ta sake buɗewa, kamar littafin zai canza shawara. Bai canza ba.

Littattafai biyu ta ɗinka a makon nan. Ɗaya na Tsohon Fasto ne, tarihin coci, wanda yake tare da shi tun yana ɗalibi, ya aiko a yi masa baƙin bango da gicciye da rubutun zinariya. Ɗayan kuma nata ne, labarin da ta haƙa a tulin mai tsofaffin littattafai tana 'yar shekara goma sha shida. Bayan an datse gefensu, an manna musu farar takarda gaba da baya, sai suka zama kamar tagwaye. Ta maƙala wa kowanne 'yar takardar shaida. Shekaranjiya, tana cikin shafa gam, Dogo mai injin yanka ya kunna fanka, takardun suka tashi. Ta tsince su ta mayar. Zuciyarta ta ce mata ta leƙa ciki, amma hannunta duk gam ne, ga Dogo ya zuba mata ido yana jiran abin dariya. Ba ta leƙa ba.

Dokar aikin kuwa ita ce, littafin da aka sa wa bango ba a buɗe shi sai ya kwana a matsi, in ba haka ba takardar ciki ta yamutse. Jiya surukin Fasto ya zo da sauri, Maigida, mai shagon, ya zaro baƙin, ya naɗe, ya miƙa.

Ke nan yanzu labarinta yana gidan Fasto, sanye da gicciye.

Kuma ba kowane labari ba ne. Wata mai gyaran tsofaffin littattafai ce ta sami wasiƙa a ɓoye cikin gadon bayan wani littafi, wasiƙar wani almajirin Yesu da aka goge sunansa, ga kuma wata ƙungiyar masu kaɗa ƙararrawa da suka yi shekara dubu suna kashe duk wanda ya karanta ta. Sau goma sha ɗaya Digiri ta karanta shi. Inna ta ɓoye shi sau biyu, wai littafin Kirista ne, zai juya mata kai. Wata Kirista da suka zauna ɗaki ɗaya a jami'a kuma ta wurga shi ta taga ana ruwa, wai zagin coci ne. Kowane ɓangare ya doke shi, ita kuma tana bi tana ɗinkewa. Saboda matar cikin labarin ne ta ɗauko takardar digirinta ta zo wannan shago, inda takardar ta zama sunanta.

Shekara uku ta yi a tsaye gaban injin kwafi. Ta share tarkacen takarda, ta dama gam, ta ji Dogo yana cewa hannun mace ba ya tamke zare, ta ci gaba da aikinta. Wata huɗu da suka wuce Maigida ya turo mata kujera gaban teburin ɗinki, ya ce, “Kuskure ɗaya a aikin mutane, kin koma inda kika fito.” Cocin nan kuwa su ne suka fi kowa daɗewa suna kawo wa shagon aiki.

“Digiri, ya aka yi kika daskare?” Dogo ya ce daga bayan injinsa. “Ko littafin ne ya yi miki tambayar jarrabawa?”

“Ka kula da yatsunka, guda goma ne kawai,” ta ce. Ta cusa littafin a jaka, ta gyara mayafi. “Maigida, zare ya kusa ƙarewa. Bari in leƙa kasuwa.”

Maigida ya gyaɗa kai bai dube ta ba. Ta fita da ƙaryarta, ta nufi gidan Fasto.

A cikin bas ta sami wuri kusa da taga. Ta yi niyyar ta shirya abin da za ta faɗa, amma hannunta ya riga ta shiga jaka. Tun da ta ɗinka littafin Fasto ba ta karanta layi ɗaya ba, lambar shafi kawai mai ɗinki yake bi. Yanzu ta duba jerin babi. Ga sunan garin da aka yi babban taron shugabannin coci da ke cikin labarinta, ga shekarar, daidai babu ƙari. Ashe taron ya faru! Ta buɗe wurin tana neman wasiƙar. Shafi ɗaya, biyu, biyar. Tsofaffi ne kawai suke ta gardama, wannan ya yi fushi, wancan ya tashi ya fita. Babu wasiƙa, babu mai ƙararrawa ko ɗaya. A gefe Fasto, lokacin yana saurayi, ya rubuta da tawada: “Malam ya ce wannan zai fito.”

“'Yan mata, na soyayya ne?” wani dattijo da ke gefenta ya tambaya, yana leƙe.

“Na rigima ne, Baba.”

“To ai duk ɗaya ne.”

Sai da ta wuce tasharta da biyu ta farga, ta dawo a ƙafa.

Matar Fasto ce ta buɗe ƙofa, doguwa, da tabarau a rataye a wuya. Digiri ta gaishe ta, ta faɗi shagon da ta fito. Fuskar matar ta rufe nan take.

“Au, ke ce? Ni na fara buɗe shi jiya, zan karanta wa Baba. Layi uku na yi na ga gawa. Na ƙara gaba na ga an ce iyayenmu na coci maƙaryata ne, masu kisan kai. A kan wannan kuka ɗora gicciye? Raini ne ko me?”

“Kuskure ne, Mama, kuma nawa ne ni kaɗai. Raini ba ya ciki. Da raini ne da ban zo da ƙafata ba.”

“Ji bakinta! Ko sunkuyar da kai ba ta yi.”

“Na sunkuyar lokacin gaisuwa, Mama. Yanzu gaskiya nake faɗa.”

Daga ciki wata murya ta ce, “Uwargida, in mai littafin ce, ki bar ta ta shigo. Ina da tambaya.”

Tsohon Fasto yana zaune a baranda ta baya, ƙafarsa mai kumburi a kan matashi, baƙin littafin a cinyarsa, fensir a bayan kunne. Kwanon abinci yana gefe a rufe, ba a taɓa ba. Digiri ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu.

“Bar wannan tukuna, 'yata. Shi wannan mai gemun na cikin labarin, da ya ba matar mabuɗi, yana tare da su ne ko ba ya tare da su? A'a, kar ki faɗa! Kar ki faɗa.”

“Wai bincike yake yi,” in ji Mama daga bakin ƙofa. “Tun jiya yake binciken ƙarya, abinci har ya huce.”

“Shekara arba'in ina wa'azi, ina kallon mutane suna gyangyaɗi,” Fasto ya ce. “Wannan bawan Allah da ya rubuta shi ya hana ni ko lumshe ido. Dole in san yadda yake yi.”

Ya miƙo mata littafin. Zinariyar da ta buga tana ƙyalli, ɗinkin ya buɗe ya kwanta luf, har wani daɗi ya ratsa ta duk da tashin hankalin. A gefen shafuka ya bi da fensir. Wani wuri ya rubuta “e”, wani wuri “a'a”, wani wuri alamar tambaya kawai. Ta yi ta juyawa, ta manta a gidan mutane take.

“Baba, waɗannan alamun tambayar fa?”

“Su ne inda ni ma na manta. Sai na duba, kuma littafin da zan duba yana jakarki, in ban yi kuskure ba.”

Ta fito da shi. Ya karɓa, ya juya shuɗin bangon, ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. “Tsohon abokina ya zama saurayi!”

Tambayar da Digiri take ɗauke da ita shekara goma ta fito da kanta. “Ita wasiƙar, Baba, babu ita ko kaɗan?”

“Garin gaskiya ne, shekarar gaskiya ce, wasu sunayen ma gaskiya ne. Wasiƙar kam ni ban taɓa gamuwa da ita ba. 'Yata, dattawan cocina mutum bakwai ne. Abin da muka rufe ƙofa muka tattauna da safe, kafin rana ta take an gama yi da shi a kasuwa. Irinmu ne za su riƙe asiri shekara dubu?”

Wani abu ya ɗan zube a ƙirjin Digiri, amma ba duka ba.

“Duk littafin da na ɓare wa bango sai na leƙa gadon bayansa,” ta ce a hankali. “Har naka.”

“Kin sami me?”

“Ƙwan kyankyaso.”

Wannan karon har Mama sai da ta juya baya tana gyara tabarau.

Fasto ya share hawaye, ya rage murya. “To ga shawara. Ki bar su haka. Ni in dattawa sun zo gaishe ni, su gan ni da gicciye a hannu, su ce Baba ba ya gajiya. Ke kuma ki karanta tarihinmu cikin shuɗin bango, babu mai tambayarki. Maigidanki ba sai ya ji ba. Uwargida ni zan lallashe ta.”

Digiri ta dubi littattafan biyu. Ga asiri an miƙo mata, nata na kanta, da ƙungiya ta mutum uku. Kujerarta za ta tsira. Sai dai kowace safiya za ta zauna a kanta ta san akwai aikin hannunta a gari yana yawo da sunan da ba nasa ba.

“A'a, Baba. Aikina ba ya fita da ƙarya a goshinsa. Na ba ka mako guda ka gama, ni ma in gama naka. Ranar Asabar in zo in karɓa, in ɓare su duka, in mayar wa kowa rigarsa.”

“Asabar ɗin ni ma zan kai littattafan waƙa shagon,” in ji Mama. “Zan ga maigidan naki.”

“Ba sai kin wahala ba, Mama. Daga nan wurinsa za ni.”

“Bari in kira shi in sa baki,” Fasto ya ce.

“Na gode, Baba. Da hannuna na hau kujerar nan. Ba na so a riƙe mini ita da bakin wani.”

Mama ta dube ta sama da ƙasa. Sannan ita ta raka ta har bakin ƙofar gida.

Da ta koma shago, Dogo ya dubi hannunta. “Ina zaren, Digiri? Ko kasuwar ce ta tashi?”

Ta wuce shi, ta ajiye shuɗin littafin gaban Maigida, ta faɗi komai a tsaye, daga fanka har ƙaryar zare. Dogo ya kashe injinsa don kar ya rasa kalma ɗaya.

Maigida ya ɗauki littafin. Ya kama bangon ya girgiza, babu shafin da ya motsa. Ya buɗe tsakiya ya ajiye, littafin ya kwanta bai rufe kansa ba. Ya bi zaren da farce.

“Kuskure ɗaya na ce.”

“Haka ka ce.” Ta fara tattara allurarta da wuƙarta.

“Ni dai tun farko na faɗa,” Dogo ya soma.

“Kai da fankarka, yi mana shiru.” Maigida ya cire tabarau ya murza ido. “Ke kika sa bangon. Wa ya naɗe ya miƙa wa mutane bai buɗe ba?”

Ya mayar da tabaraunsa.

“In ke kin koma injin kwafi, ni in koma ina, shara?” Ya tura mata littafin. “Akwai sauran baƙin yadi a sama. Ki yi shi bayan an tashi aiki, kuma ki buɗe ki duba kafin ki taɓa gam.”

Ta mayar da allurar wurinta, ta jawo kujerar ta zauna. Maigida ya koma kan aikinsa, ya yi ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Can ya yi gyaran murya, idonsa a ƙasa.

“Lokacin da kika warware naki kika bar shi a tebur, na ɗan duba, don in ga takardar. Na tsaya inda suka kulle ta a hasumiya.” Ya sake gyaran murya. “Ta fito kuwa?”

Digiri ta zura zare a allura, ta ja shi har ya yi ƙara.

“Sai Baba Fasto ya gama, Maigida. Kai ne na biyu a layi.”