Duwatsun Da Arzika Ya Kawo Gida

Riskuwa ba ta ma jira 'yan dako sun gama fita ba, ta durƙusa ta kwance bakin buhun farko. Wata huɗu mijinta ya yi a dajin Yawuri, ga shi ya dawo da buhu uku masu nauyin tsiya, saboda haka a ranta ta riga ta yanke cewa masara ce. Ta zura hannu ta ciro, ta ɗaga a rana. Farin dutse ne mai tsatsa-tsatsa a jiki. Ta sake zurawa, wani dutsen ne.

"Malam," ta ce a hankali, "duwatsun Argungu ƙarewa sunka yi?"

Arzika ya yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da ya yi irin wannan dariya tun ranar da ya bar gida.

"Duba shi da kyau, Risku. Kin ga jijiyag ga? Zinariya ta a ciki."

"Wata huɗu! Ka rame kamar karan dawa, ka zo mini da abin jihwan kare." Tana faɗa tana kallon ƙasusuwan wuyansa, sai idonta ya cika. Ta juya da sauri ta tafi ɗora masa ruwan wanka.

Arzika masunci ne, ɗan masunci. Amma tun shekarun farin nan gulbi ya ja baya, ya kai mutum zai wuni cikin ruwa ya fito da abin da bai isa miya ba, shinkafar fadama ma sai a hankali. Maza suka fara gangarawa kudu, inda aka ce ana haƙo zinariya. Wanda ya je sai ya shekara. Wasu su dawo da rediyo da tari, wasu sai dai labari.

Shi kuwa Arzika, Allah ya ɗora masa wata cuta da ba ya neman maganinta, ba ya iya nisa da matarsa. Shekararsu ashirin da biyu, 'yarsu ɗaya tilo Nana tana aure a Augie, amma har gobe idan Riskuwa ta je suna ta daɗe sai ka gan shi yana leƙen hanya. Abokai sun yi tsiyar har sun gaji. A dajin nan ya lura cewa haƙa ba ita ke cin lokaci ba, daka da wanki su ne ke riƙe mutum watanni. To mene ne zai hana ya haƙa na sati biyu, ya loda a mota, ya zo ya daka a gida yana jin muryarta? Da dabarar ta faɗo masa, gani ya yi duk dajin babu mai wayonsa.

* * *

Aikin ya karɓe su. Ya samo turmin ƙarfe, shi yana farfasa dutse yana dakawa, ita tana tankaɗe da rariya. Sai su zuba garin a ƙwarya, a yi ta juyawa da ruwa har ƙasa ta tafi, baƙin yashi mai nauyi ya kwanta. Daga nan sai zaiba, wannan farin ruwan ƙarfe mai gudu a tafin hannu, wadda ya saya a bakin rami cikin kwalbar allura. Ita ke tsince zinariyar daga cikin yashi. A matse a tsumma, a samu ɗan curi fari, a ɗora a ludayin ƙarfe bisa garwashi. Zaibar ta bi iska, zinariya ta rage.

Mutumin da ya sayar masa da ita gargaɗi ɗaya ya yi masa, cewa kada ya bari ta zube, tsada gare ta.

Ranar farko Arzika ya kusa kifar da ludayin cikin wuta. Riskuwa ta fizge.

"Ba ni nan. Wa yag gaya maka namiji na iya riƙon ludayi? Tahi ka miƙe bayanka."

Tun daga ranar ƙonawa ta zama aikinta. A ɗan madafinta take yi bayan azahar, ta ja ƙyaure ta rufe, ta toshe 'yar tagar da tsumma, domin an ce hukuma ta hana, ga kuma idon maƙwabta. Takan sunkuya sosai tana hura garwashin da baki, tana kallon curin yana komawa rawaya. Shi kuma yana kwance a inuwa yana jiran ta fito ta ce ya rufe ido ya buɗe hannu. Abin da za ta ajiye masa bai fi ƙwayar dawa ba, amma sai ta sa ya yi godiya sau uku.

Yakan kai wa wani maƙerin zinariya a Birnin Kebbi, dattijo Folorunsho, wanda ya shekara talatin a garin. Gida ya yi kyau. Aka yi rufin kwano, tunkiya ta shigo, Nana ta samu abin goyo na fita kunya. Abin da ya fi wa Arzika daɗi duk bai kai wannan ba, a wata biyu sati shida yana gida.

Irin wannan ba ya ɓoyuwa. Maƙwabcinsa Dikko ya tare shi a bakin masallaci ya ce maƙwabtaka ba haka take ba. Arzika ba ya iya rowa, ya tafi da shi dajin, Riskuwa kuma ta zaunar da matar Dikko, Sakinatu, ta koya mata yadda ake riƙon ludayi da yadda ake toshe taga.

* * *

A damina ta biyu abin ya fara. Riskuwa gwanar kitso ce, daga unguwanni ake zuwa mata, sai ga tsagarta tana karkacewa. Wata rana kibiyar kitson ta soki kan wata amarya, ta ba da haƙuri, ta ce gajiya ce. Daga nan dasashinta ya kumbura, yawu ya riƙa taruwa a bakinta. Gishiri sau biyu a miya, ko babu sam. Matar da bakinta ba ya hutawa ta koma idan ta ji sallamar baƙi sai ta shige ɗaki, a same ta tana kuka ba ta san dalili ba.

Hannuwan su suka fi tsorata Arzika. Rawa suke yi ƙasa-ƙasa, idan ta ce za ta ɗauki abu sai rawar ta ƙaru. Yakan kama su ya haɗa a cikin nasa ya matse, yana jin suna motsi kamar ƙananan kifi.

Tsofaffi suka ce ai dama zinariya dukiyar aljanu ce, mai ɗaukarta sai ya biya. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yanka jan zakara. A asibiti suka ce ƙarancin jini ne, suka ba da ƙwayoyi. Magani kuwa ba kyauta ba ne, saboda haka Arzika ya ƙara yawan buhunan, Riskuwa ta ƙara daɗewa a madafi. Ya ce ta bar masa ludayin, ta ƙi. Ta ce kitso ya gagare ta, tuwo yana neman gagararta, wannan kaɗai ya rage mata da take taimakonsa da shi. Da hannu biyu take riƙewa, ta ƙara kusantar da fuska don kada ya zube.

* * *

Wata Laraba suna dawowa daga asibitin Birnin Kebbi, ya biya da ita shagon Folorunsho don ya sayar da ɗan abin da ke aljihunsa. Dattijon bai taɓa ganinta ba. Ya ba ta benci, ya sa aka kawo mata lemon kwalba. Da ta kai baki, kwalbar ta riƙa bugun haƙoranta, ƙas ƙas ƙas, har ta ji kunya ta sauke.

Folorunsho ya ajiye ma'auninsa. Ya cire tabarau ya daɗe yana dubanta.

"Malam Arzika, wa ka ƙona maka zaiba?"

"Ita ta, Baba. Ta hi ni iyawa."

"Ina taka ƙonawa?"

"Madahi. Mukan ruhe ƙohwa sabadda mutane."

Dattijon ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Ni na zaci can daji kaka yi, cikin iska. In kun ga ta ɓace bisa wuta, ina kuka tsammanin ta tahi? Ba ta tahi ko'ina ba. Cikin ƙirjinta tas shiga, ta hau kai. Hayaƙin nata ba a ganinai, shi as sharrinta."

Arzika ya juya ya dubi matarsa. "An ce aljanu na."

"Babu aljani ko guda. Ubangidana da yak koya mini aiki, haka hannunai yay yi. Na san rawag ga tun ina saurayi."

"Ya warke?"

Folorunsho ya dubi Riskuwa, ya kawar da kai. "Da yab bari, ta ɗan ragu. Ba ta sake shi ba."

"To mi yas sa ba wanda yag gaya mini?"

"Wanda yas sayar maka ya sani sarai. In ya hwaɗi, wa ka saye?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ma shekara biyu ina karɓa hannunka, ban taɓa tambaya ba. Allah shi gahwarta muna."

Suka hau motar komawa Argungu. An cushe su a baya tsakanin buhunan albasa, Arzika yana kallon fadama tana wucewa, hawaye na bin gemunsa. Shi da ya ƙi barinta ita kaɗai, shi ya yi dakon abin tun daga Yawuri, ya biya mota, ya kai mata har bakin murhu, sannan ya kwanta a inuwa yana jira.

"Ni na kawo miki shi har gida, Risku."

Ta lalubo gefen rigarsa ta riƙe. Maganarta ta yi nauyi yanzu, sai a hankali take fita.

"Da ka zamna can wata huɗu-huɗu, da kewa ta daɗe da kashe ni. Shahe idonka, mutane na kallo. Ƙaton banza."

* * *

Ya haƙa rami mai zurfi a bayan gari ya binne kwalbar da ludayin. Madafin ya cire masa rufi ya bar wa rana da ruwa. Sannan ya bi gida-gida, domin zuwa lokacin gida goma sha ɗaya ne a unguwar ake ƙona zaiba, kuma duk daga hannunsa ilimin ya fita. Wasu suka saurare shi don kunya. Dikko kuwa murmushi ya yi.

"Haba Arzika. Kai ka yi ruhin kwano, ka ƙoshi, yanzu mu za ka ruhe ma ƙohwa? Lalurar iyalinka daga Allah ta, muna yi mata addu'a."

Arzika ya roƙe shi ko a fili ne su riƙa yi, iska na ɗauka. Dikko ya ce a fili, don 'yan sanda su zo su kwashe?

Arzika ya koma sana'ar su da ɗan noman fadama. Ya koyi tuƙa tuwo, ya koyi ɗaura mata kallabi, tana yi masa tsiya wai ya mai da ita mai tallan nono. Aka kai ta asibitin Sakkwato sau biyu. Kukan ya ragu, dariyarta ta dawo kaɗan-kaɗan, amma hannuwan suna nan yadda suke.

Wata safiya suna zaune a tsakar gida, yana ba ta kunu a baki tana cewa ya cika tsami, sai Sakinatu ta yi sallama. Cikinta ya tsufa, tana tafe tana dafa bango. Ta gaishe su a kunyace, ta miƙo allura da farin zare.

"Yaya, rigaj jinjiri nika ɗinki. Ko Malam na taimaka shi zura mini? Tun ɗazu nika hwama. Alluran yanzu raminsu ƙanƙane na."

Arzika ya ajiye kwanon. Ya dubi bakin zaren yana kaɗawa a tsakanin yatsunta, alhali ko ganye ba ya motsi a gidan. Ya karɓa, ya zura sau ɗaya ya shiga.

Riskuwa ta matsa a kan tabarma. "Zo nan, ƙanwata. Zamna kusa gare ni."

Sakinatu ta zauna. Riskuwa ta miƙa hannu, sai da ta kai sau biyu kafin ta kama nata, ta ɗora a cinyarta ta danne da ɗayan, wai ko za ta tsayar da shi. Arzika yana tsaye a kansu da allura a hannu, yana kallon hannuwan uku suna rawa tare.