Bawul Mai Atishawa

Ranar Talata ce, kuma tun asuba ruwa yake sauka, irin siririn nan mai naci da ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa. Ƙanwata Auta tana da jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya da ƙarfe tara. Sau ɗaya ake yin ta a shekara. A takardar da aka ba ta an rubuta cewa tara na bugawa za a rufe ƙofa, har an ja layi a ƙarƙashin maganar.

Ni zan kai ta, a motar Yaya.

Yaya ya tafi aiki wani gari na wata uku. Da zai tafi ya ajiye mini makulli a tafin hannu, bai sake shi nan take ba.

"Ka kai Umma asibiti, ka kai Auta darasi. Ban ce ka taɓa komai ba."

Ni kuwa tun da na bar makaranta a aji huɗu ban taɓa riƙe abu na bar shi yadda na same shi ba. Na yi gyaran waya, na yi wankin mota, na zauna shagon taya sati biyu. Ƙafar Yawo Umma take ce mini.

Motar tana da turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska. Wani abokina da muke kira Dogo yana da wani bawul, ɗan ƙarfen da ke sakin iskar turbo, mai sheƙi kamar azurfa. In aka ɗaura shi, duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur sai motar ta yi tsss, kowa a titi ya waiwayo. Na ba shi sifikata, ya ba ni bawul. Da yamma ɗaya muka cire na asali muka ɗaura wannan. Na asalin na bar shi a kwali a shagon Dogo, shi kuma ya ba wani.

Kwana uku ina zaga unguwa ina sa ta atishawa. A na huɗu ta fara mutuwa. In na taka ta da ƙarfi, na saki totur na taka kuloci zan tsaya, sai allurar da ke nuna juyin injin ta faɗi ƙasa, injin ya yi shiru.

Na kai ta wurin Maigareji, tsohon bakaniken da ke duba wa Yaya mota. Ya buɗe bonet, ya dubi bawul ɗin, ya dube ni.

"Wa ya sa mata ɗan kunne?"

"Gyara ne, Baba."

"Gyaran gidanku. Motar nan tana auna iskar da ta shaƙa, ta zuba mai daidai da ita. Na asali yana mayar da iskar ciki. Naka watsar da ita yake yi waje. Ita ba ta sani ba, sai ta zuba man iskar da babu. Ka cika wa mutum baki da ruwa, ka ce ya yi numfashi?"

"To a ɗan ɗaure shi mana."

"A cire shi. Ina na asalin?"

Na ce gobe zan kawo. Ban koma ba. Sai na koyi dabara: in zan tsaya, na taka burki da yatsun ƙafa, na ɗan taɓa totur da gefen ƙafar don kada allurar ta faɗi. Sati biyu ba wanda ya gane.

Da safen jarrabawar muka fito takwas saura kwata. Tafiyar minti ashirin da biyar ce. Auta ta shiga gaba da 'yar jakar leda mai fensir uku da katin jarrabawa. Umma ta tsaya a bakin ƙofa da lema tana ta addu'a.

A kwanar farko motar ta yi tsss.

"Ƙaramin Yaya, har yanzu motarka mura take yi?"

"Ke za ki yi mata allura in kin gama."

"Kai zan fara yi wa. A ka."

Ta yi dariya, ta koma kan littafinta tana motsa baki.

A babban titi muka tarar da cunkoso. Ruwa ya cika hannu ɗaya, kowa ya dawo ɗayan. Silifas ne a ƙafata, kuma sun jiƙe tun a tsakar gida. A danja ta farko na zo yin dabarata, gefen ƙafar ya zame. Injin ya mutu. Na murɗa makulli, ta tashi.

"Me ya faru?"

"Ba komai. Yi karatunki."

Lokaci yana tafiya, sai na fara sauri. Duk inda gurbi ya buɗe na taka da ƙarfi na shige, sai na gaba ya tsaya, na saki totur, tsss, shiru. Na san saurin ne yake kashe ta. Ban daina ba. A karo na huɗu sai da na daɗe ina murɗawa kafin ta kama, warin fetur ya cika motar. Auta ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai.

A karo na shida muna kan gada. Na murɗa, injin ya juya a hankali kamar mai jin barci. Na sake. Sai ƙas, ƙas, ƙas. Waifa ta tsaya a tsakiyar gilas.

Tara saura minti ashirin da biyar. Na baya suna ta danna oda. Babu babur ko ɗaya a gadar, ruwa ya kore su.

"Saura nisa nawa?"

"Kilomita uku. Ko fiye."

Ta tura katin cikin rigarta, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta buɗe ƙofa. Na ga bayanta tana ratsawa tsakanin motoci har wata babbar mota ta tare ta.

Wasu mutum uku suka taya ni turawa zuwa gefe. Ɗaya yana zagina, ban ji zafi ba. Na kulle motar na bi hanyar da ƙafa. Ban yi gudu ba.

Na same ta a zaune kan dakali a gefen ƙofar makarantar, ita da wasu huɗu. Ƙafafunta duk taɓo. Takalmi ɗaya ne a hannunta. Maigadi yana cikin ɗakinsa ya juya mana baya.

"Da minti tara na makara," in ji ta.

Na zauna kusa da ita. Ruwa yana ɗiga daga kwanon rufi yana sauka kan gwiwata, ban matsa ba. Na jira ta yi kuka ko ta zage ni. Can sai ta ce, "Ka kulle motar?"

"Na kulle."

"To."

A gida Umma ta dube mu, ta shiga ta ɗora ruwan zafi. Da la'asar Yaya ya kira. Na gaya masa komai, har da kwalin. Da na gama sai ya ce:

"Ka kai wa Maigareji makullin. Ya zauna a wurinsa."

Washegari aka jawo motar. Maigareji ya cire bawul ɗin cikin minti goma, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ya zaro fulogi ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi baƙi ƙirin, ya jera su a kan benci.

Na lissafa abin da bawul ɗin ya ci. Fulogi huɗu. Batir ɗaya. Bawul na asali. Takalmin Auta, ƙafar hagu. Makullin mota. Shekara ɗaya, tata.