Faifan da Ba a Juya Ba

Ƙarar ce ta hana Amai Jere kai kofin shayi bakinta. Ba kiɗa ba ne. Wani ƙyas-ƙyas ne yake ratso bango, ya tafi ya dawo, irin wanda allurar garmaho take yi in faifai ya ƙare ba a ɗaga ta ba. Shekara ashirin da shida tana zaune a gidajen ma'aikatan mahaƙar tagulla na Wusakile, a garin Kitwe na ƙasar Zambiya, bango ɗaya tak tsakaninta da maƙwabcinta Bashi Nsofwa, wato baban Nsofwa, ba ta taɓa jin ya bar allura tana cin faifai ba. Mutumin da ko ƙuda ya sauka a kan faifansa sai ya ja masa Allah ya isa!

Ta ɗauki muciya ta buga bango sau uku, daidai inda fenti ya goge don yawan bugu.

"Kai, maciyin biri! Barci ya ɗauke ka ne?"

Ita 'yar ƙabilar Ngoni ce, shi ɗan ƙabilar Bemba, abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kullum in ta buga sai ya amsa, "Maciyar ɓera, kin tashi?" sannan ya ƙara murɗa ƙarar don ya ƙular da ita. Yau shiru. Ta ruga gidansa.

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta same shi a ƙasa tsakanin kujera da garmaho, alƙalami a hannunsa, bakinsa ya karkace gefe ɗaya. Faifan yana ta juyawa a samansa.

"Wayyo Allah! Bashi Nsofwa! Tashi mana!"

"Juya," ya ce da ƙyar. "Juya shi."

"In juya me? Ana maganar rai kana maganar faifai? Sakar min zani in nemo mota!"

Bai saki ba. Ya bi akwatunan katako huɗu da ke jere a jikin bango da ido, duk cike da faifai.

"Za su fitar da kaya," ya ce. "Rana. Esinati, kar ki bari rana ta taɓa su."

Bai taɓa kiranta da sunanta na yanka ba sai ran nan. Ta fizge zaninta, ta zare wayar garmaho daga bango, ta fita tana ihu. Kafin ƙarfe goma ya cika a asibiti, tana zaune a kan benci a waje, ƙafafunta babu takalmi.

Gaskiya ita kiɗan nan nasa bai taɓa burge ta ba. Kiɗan Turawa ne na zamanin samartakarsa, da na wasu samarin Kitwe da suka kwaikwaye su. Sunan ko ɗaya ba ta sani ba, amma ta san su duka ta bango, har ta raɗa musu nata sunayen. Akwai Mai Kukan Kyanwa, akwai Rushe Gida, akwai Matar Nan Mai Mura. Guda ɗaya ne kawai ba ta raɗa wa suna ba. Waƙa ce mai sanyi, namiji ɗaya da piyano, kamar yana rarrashin wani. Ta fara jin ta ne makon da ƙasa ta rufta wa mijinta a cikin rami, bayan 'yan makoki sun watse sun bar ta da bango huɗu. Tun daga nan, duk shekara in ranar ta zagayo, waƙar takan ratso bango a hankali. Ba ta taɓa yi masa godiya ba, shi ma bai taɓa ɗaga maganar ba. Yau ce ranar, shekara tara cif. Shi ya sa ta zauna da shayinta tana jira tun da asuba, amma sai ya buɗe da Rushe Gida, har ta ji haushinsa.

Rana ta take tsaka lokacin da ta dawo unguwa. Tun daga bakin titi ta hango abin da marigayin yake gudu. An kwashe kayan falo kaf an fitar tsakar gida don mata su sami wurin zaman makoki, kamar yadda ake yi a ko'ina. Kujeru, tebur, kabad, duk a waje. Akwatunan huɗu suna jikin shinge a buɗe, inuwar gwanda ta rufe rabinsu, tana janyewa. Garmaho kuwa yana tsakiyar rana, murfi a ɗage, faifan safe yana kansa. Ga zafin Oktoba, wanda ko kare ba ya yarda ya taka kwalta.

Ta san abin da rana take yi musu. Ya taɓa nuna mata wani da aka manta a bakin taga, ya lanƙwashe kamar murfin tukunyar da mota ta taka. Kwana uku bai ci abincin kirki ba.

Ƙanin mamacin, wanda ake kira Ba Mwelwa don girmamawa, dattijon coci ne daga Chamboli, yana zaune kusa da kayan cikin baƙar kwat, yana gadinsu da ido. Amai Jere ta durƙusa a gabansa, ta tafa hannu a hankali, ta yi ta'aziyya.

"Ba Mwelwa, alfarma nake nema. A mayar da akwatunan nan ciki."

"Ciki na mata ne. Ko tsinke ba zai shiga ba."

"To a kai su ɗakina, ga shi nan kusa. Rana za ta narkar da su."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ɗakinki? Gawar ɗan'uwana ba ta huce ba, har kin fara zaɓen kaya? Babu abin da zai fita ƙofar nan sai an binne shi dangi sun zauna."

"Shi ya ce min..."

"Ya ce miki? A matsayinki na wa?"

Ya ɗaga murya da gangan. Matan da ke bakin ƙofa suka daina kuka suna kallo. Amai Jere ta ji kunya ta lulluɓe ta, bazawara mai shekara sittin da uku, a durƙushe, ana yi mata irin wannan tambaya a gaban mutane.

"Nsofwa fa?" ta ce. "Kayan ubanta ne."

"Tana cikin mota daga Lusaka, sai yamma. Kuma in kin bi ta tawa, su narke mana. Wannan kiɗan shaiɗan shi ya hana yayana zuwa coci shekara arba'in."

Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a kan garmaho. Ba Mwelwa ya miƙe, ya ɗauke shi da yatsa biyu, ya miƙa mata.

"Yau mayafi, gobe ki ce kayan naki ne. Amai Jere, ki kama girmanki."

Ta koma gidanta. Ta leƙa ta taga: inuwar gwanda ta bar akwati uku. Ta zauna, ta tashi, ta sake leƙawa. Abu biyu ya roƙe ta da bakinsa a karkace, na farko ta ƙi, na biyu ga shi yana narkewa a idonta. Ta juya za ta ɗebi ruwa, sai ƙafarta ta bugi bokitin garin masara.

Ta daɗe tana kallon garin. Ita fa ba ta cikin matan Ngoni da suke wasan zuba wa Bemba gari a gidan makokinsu, su yi abin da suka ga dama ba mai hana su. Kullum in an fara sai ta kau da kai, tana ganin rashin kamun kai ne. Amma ta cika kwano taf, ta ɗaure zaninta tamau.

Ba Mwelwa yana gaisawa da wani fasto lokacin da ta juye masa garin a ka. Fari fat, tun daga sanƙonsa har baƙar kwat ɗin.

"Maciya biri!" ta ƙwala. "Kun kashe mana bawa kun zo kuna kukan ƙarya! Ashe ku ma kuna mutuwa? Mun zata birai ba sa barin bishiya!"

Ba Mwelwa ya ɗaga hannu sama, idanunsa jajur a cikin gari. Amai Jere ta runtse ido tana jiran mari. In ya ƙi karɓar wasan, ta gama zubar da mutuncinta a Wusakile har abada.

Sai wata tsohuwa a bakin ƙofa, yayar mamacin, ta fashe da dariya tana share hawaye.

"Mwelwa, sauke hannun nan. 'Yar Ngoni ce. Yau ranarsu ce, ko wandonka ta ce za ta cire sai dai ka yi haƙuri."

Ya sauke. Ba yadda zai yi. Wanda ya yi fushi da abokin wasa a gidan makoki, shi za a yi ta yi wa dariya har jikokinsa.

"Na kama kayan bawana!" in ji Amai Jere. "Mai so ya zo gidana ya durƙusa bayan an binne. Matan Ngoni, ina kuke? Ko kun zo cin tuwon Bemba ne kawai?"

Mata biyu suka fito suna guɗa, suka kama akwatuna. Ita ta nufi garmaho. Da ta taɓa faifan sai da ta janye hannu, zafi kamar kaskon suya. Ta naɗe shi a mayafi ta rungume. Mutane suna ta dariya, ba wanda ya lura kuka take yi.

Bayan kwana huɗu, an binne, dangi sun zauna sun bar wa Nsofwa fayafayan don ba mai so. Ta zo da hantsi, ta durƙusa a ƙofar Amai Jere kamar yadda aka ce, suka yi dariya kaɗan. Sannan ta zauna tana zaro fayafayan ɗaya-ɗaya. Duk sun tsira. A cikin kowane kwali akwai 'yar takarda da rubutun ubanta.

"Mama, ji wannan. 'Mai gangar nan yunwa yake ji, a ba shi abinci.'" Ta zaro wata. "'Na saya da albashina na farko. Waƙa ta uku ta sa na fasa komawa ƙauye.' Kai, Baba!"

"Na cikin mayafin fa?" in ji Amai Jere. "Shi ne rana ta fi duka."

Nsofwa ta ɗaga shi a haske. Bakinsa ya ɗan karkace. Ta nemo kwalinsa, ta zaro takardar, ta fara karantawa, sai muryarta ta ragu.

"'Gefen farko hauka ne zalla, ina son sa. Gefe na biyu na Esinati ne. Na sa shi a hankali, ba ta buga bango ba.'" Ta duba ƙasan takardar. "Mama, a ƙasa kwanan wata ne, duk shekara rana ɗaya. Na tara bai ƙarasa rubutawa ba."

Amai Jere ta dafe ƙirji. Ashe waƙarta a bayan Rushe Gida take. Ashe abin da yake cewa ta juya ke nan.

"Zai yi kiɗa kuwa?" ta tambaya.

Suka ɗauki garmaho suka mayar falonsa, wanda har yanzu babu komai a ciki sai tabarmi. Nsofwa ta juya faifan ta ɗora allura. Saboda karkacewar, allurar tana hawa tana sauka kamar ƙirjin mai barci, amma ba ta tsallake ba. Piyano ya fara.

"Zauna mana, Mama."

"A'a, 'yata. Daga nan ban san ta ba."

Ta fita ta zagaya gidanta, ta jawo kujera jikin bango. Waƙar ta ratso a hankali, tana ɗan rawa. Muciya tana jingine a inda ta bar ta. Amai Jere ta ɗora tafin hannunta a wurin da fenti ya goge, ta bar shi a nan.