Fatsar Kwatano

Ina durƙushe ina hura wutar murhun banda, hayaƙi ya cika mini ido, sai na ji an ture zanar da ta raba gidana da na Malami. Ban ɗago ba, don na san takunsa.

"Sabuwa, ɗora ruwan zafi. Ki zuba gishiri."

"Ba ko sallama? Kura ta biyo ka?"

Na juyo na dube shi. Ya naɗe hannunsa na dama da hularsa, hular ta jiƙe sharkaf, jini na ɗiga a kan ƙafarsa. A kafaɗar hagu kuwa ya saɓo wani giwan ruwa, jelarsa na jan ƙasa. Ya yar da kifin a gabana, tim, ya zauna a kan turmi yana haki. Kuma wai murmushi yake yi, tsoho da shi.

Malami taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, shi ya sa nake gaya masa abin da na ga dama. Shi ke kamo kifi a kogin Kwara, ni nake kyafewa in kai kasuwar Lolo. Tun da matarsa Batulu ta rasu, tukunyata ita ce tukunyarsa.

Na kwance hular. Yankan bai yi kama da na wuƙa ba, bai yi kama da sukar ƙayar kurungu ba. Siriri ne, ya zagaye tafin hannun ciki da baya, amma ya nutse har ana hango fari.

"Mi ya yi maka wanga aiki?"

"Kwanon da na liƙe jirgi da shi."

"Kwano na zagaya hannu? Ni za ka mayar yarinya?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Fatsar yaron ce."

Yaron shi ne Muktar, ɗansa guda da ya rayu. Tun yana ƙarami ba ya son ruwa, in an sa shi a jirgi sai ya ƙanƙame katako yana kuka. Da ya girma ya bi motar albasa, har ya zama direba, yana jigila tsakanin nan da Kwatano. Malami bai taɓa yafe masa wannan ba. Ya ce Basarke, jinin masunta, da ya bar kogi ya bar gidan ubansa. Duk tsarabar da Muktar ya kawo, kyautar da ita yake yi a gaban idonsa. Rediyo ya tafi gidan ladan, shadda ta tafi wuyan mai wanzanci. Ni da nake kallo na gaji, balle yaron.

A zuwansa na ƙarshe, bayan ƙaramar salla, sai ga Muktar da wani dogon kwali mai hoton kifi. Ya buɗe a tsakar gida. Fatsa ce irin ta zamani, sanda mai sheƙi da ake haɗawa gaɓa-gaɓa, da ɗan keke a gindinta mai mariƙi, wanda ke naɗe zaren in an juya.

"Baba, sabuwar fitowa ce, ko a Kwatano ba kowa ke da irinta ba. Hannunka ya fara rawa, na gani. Wagga ba sai ka ja da ƙarfi ba. In kifi ya ja, ka bar shi ya tafi da zare, keken ne zai gajiyar da shi. Kada dai ka taɓa zaren da hannu."

Malami na zaune yana gyaran tsohuwar igiyarsa, mai kauri, wadda yake rina da bagaruwa yana naɗewa a guntun gora. Da ita ya ci, da ita ya yi aure, da ita ya binne iyayensa. Ya ɗago ya dubi ƙugiyar da Muktar ya ɗaura a bakin sabon zaren.

"Wa ya yi wanga ƙulli?"

"Ni ne, Baba. Mai shagon ya nuna mini."

"Awo. Ƙullin bakin buhun albasa ne. Mayar da abinka cikin kwali, yara su samu abin wasa."

Wallahi ranar sai da na bar tsakar gidan, don ba zan iya kallon fuskar Muktar ba. Ya mayar da komai cikin kwalin a hankali, ya tura ƙarƙashin gadon ubansa, ya yi sallama ya tafi tun kafin a sauke tuwo.

To, ga shi yanzu mai cewa abin wasan yara yana zaune a kan turmina, ina wanke masa hannu yana cije baki, yana ba ni labari kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Sabuwa, abin nan na jifa! Kin san gurbin da ke bayan dutse, inda ruwa ke juyawa? Tun ina saurayi nake hangen wurin, igiyata ba ta kai ba, jirgi kuma ba ya tsayuwa. Jifa ɗaya na yi, sai ga ni can."

"Sai kuma ka yanke hannu don murna."

"Ke dai bari. Da kifin ya ɗauka, sai keken ya kama kuka, zare na fita, na fita. Na san yaron ya ce a bar shi. Na sani sarai. Amma hannun nan bai jira ni ba. Kafin in ankara ya cafke zaren ya naɗe, yadda ya saba. Igiyata in ka naɗe ta, ita kanta ce ke ɗaukar nauyin. Wanga kuwa siriri ne kamar gashi, sai ya shige."

"Sai ka saki?"

"Na saki, na koma ga mariƙin, na yi yadda ya ce. Ina juyawa, jini na bin sandar. Ga shi nan kwance. Yaron ya yi gaskiya."

"To, in ya zo sai ka gaya masa hakan da bakinka."

Murmushin ya ɗauke. Ya daɗe yana kallon hannun cikin ƙwarya, ruwan ya koma ja.

"In ya warke, ni zan gaya mishi. In bai warke ba, ba ki ga komai ba. Ki rantse."

"Kai, tafi can! Ɗan yankan nan?"

"Ina da ciwon suga, kin sani. Ki rantse, Sabuwa."

Na rantse, don in samu ya bar ni in ɗaure masa hannun. Ya ce kifin kuma kada in sayar, kada in taɓa, in kyafe in ajiye wa Muktar. Da yamma na hango shi ta ramin zana yana wanke sandar da hannun hagu, yana gogewa da gefen riga, ya jera komai cikin kwali ya tura ƙarƙashin gado.

Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Hannun bai warke ba. Na ce mu tafi asibiti, ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi. Da na matsa sai ya fito da gaskiyar: duk wanda ya ga yankan zai tambaya, magana kuma in ta fita ƙauyen nan, a Kwatano za ta kwana. Ya sa garin magani, ya sa zuma, ya ɗaure da tsumma. Har kogi ya koma da tsohuwar igiyarsa, wai zai gwada da hagu, ya dawo hannu wofi da tsumman a jiƙe. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma ni ce na ji hohon, don ni ke wanke ciwon safe da yamma.

Da kumburin ya wuce gwiwar hannu, ɗakin ya fara wari, zazzaɓi na kayar da shi, ban ƙara neman izininsa ba. Na kira Muktar a waya. Yana can hanya da lodi, sai da ya sauke ya juyo, iyakar ƙasa kuma ta riƙe shi yadda ta saba riƙe mutane. Ranar da ya iso ko takalmi bai cire ba, ya ɗauki uban cak ya sa a mota, muka nufi Bagudo.

Likitan ya kwance tsumman, ya duba, ya dube mu.

"Me ya yanke shi?"

"Kwanon jirgi," in ji Malami, idonsa a kaina.

Muktar ya sunkuya yana kallon hannun. Naman ya kumbura ya yi baƙi, amma zanen yana nan, siriri, ya zagaye tafin. Likitan ya ce an makara, dafin ya shiga jini, abin da ya rage shi ne a cire hannun, ko da hakan ma sai addu'a. Malami ya ce da hannun da Allah ya ba shi zai koma. Aka yi lallashi, aka yi allurai, aka ƙara ruwa. Da ya ga ya ɗan samu ƙarfin magana sai ya ce a mayar da shi inda zai ji ƙamshin kogi.

Muka dawo da shi. Muktar ya shimfiɗa tabarma a bakin gadon, shi ke juya shi, shi ke ba shi kunu a cokali. Wata safiya ina shara a ƙofar ɗakin na ji yaron ya yi ƙarfin hali.

"Baba, fatsar nan da na kawo, ka ko buɗe ta?"

Tsintsiyar ta tsaya a hannuna.

"Tana nan inda ka aje ta," in ji Malami.

"Ko sau ɗaya?"

"Ni da igiyata mun saba."

Muktar ya fito ya wuce ni, ya tafi bayan gida ya daɗe. Na shiga ɗakin raina a ɓace.

"Kai wane irin mutum ne? Kana bakin kabari kana ƙona zuciyar yaro? Kalma ɗaya yake nema wurinka tun yana goye!"

"Rage murya." Numfashinsa na fita da ƙyar. "Gara ya ce ubanshi mai taurin kai ne. Ya saba da wannan, zai iya ɗauka. In ya ce shi ya kashe ubanshi fa? Hanya yake bi, Sabuwa, da babbar mota. Mutum ba ya tuƙi da irin wanga kaya a ka."

Na gyara masa matashi, na kori ƙudan da ke kan tsumman. Na gaji da shi, na gaji da rantsuwar, na kuma san ba ƙarya ya faɗa ba.

"Kifin fa?" ya ce.

"Yana nan. Kullum sai na mayar da shi kan wuta kada ya yi tsutsa. Ya cinye mini itace."

"Mai rowa," in ji shi. Ita ce kalmar ƙarshe da ya yi mini.

Ya cika bayan la'asar, ran wata Laraba, Muktar na riƙe da hannunsa na hagu. Aka kai shi kafin magariba. Masunta suka zo daga ƙauyukan bakin ruwa, har da na tsallaken iyaka, kowa na faɗin yadda Malami ya san kogi. Ana cewa kwanon jirgi, ana girgiza kai, ana cewa ajali ko a ƙaya yake. Ni dai ina cikin mata, bakina a rufe.

Bayan sadakar uku mutane suka watse. Muktar ya shiga kwashe kayan ɗakin, ni ina taya shi ninke tufafi a tsakar gida. Ya fito da gorar da igiyar ke naɗe a kai, ya rataye a jikin zana. Sannan ya jawo kwalin.

"Inna Sabuwa, wannan ki ba duk wanda kika ga dama. Ba na son in ƙara ganinta."

"Ajiye nan," na ce, ban dube shi ba.

Amma sai ya buɗe, ko don ya ga komai ya cika. Ya ɗago sandar, ya ɗago keken, ya jawo bakin zaren. Nan ya tsaya. Ƙugiyar da ke jiki ba da ƙullin buhun albasa aka ɗaura ta ba. Ƙullin Malami ne, mai naɗi a jere kamar kitso, da ɗan guntun baki da yake gutsurewa da haƙori. Duk yaron da ya tashi a gidan nan ya san shi. Ko mantawa ya yi, ko hannu ɗaya ne ya kasa kwancewa, ko da gangan ya bari, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Muktar ya zauna a kan turmi. Ya warware zaren kaɗan, ya naɗa a tafin hannunsa na dama, ya ja a hankali. Da ya kwance, wani siririn zane ya fito, ya zagaye tafin ciki da baya. Ya daɗe yana kallonsa. Na jira ya yi kuka, ko ya tambaye ni abin da na rantse ba zan faɗa ba. Rigar mamacin na hannuna, na kasa ninkewa.

Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Inna, ya kama wani abu da ita?"

Na rantse ba zan yi magana ba, kuma ban yi ba. Na tashi na ratsa ta zanar, na buɗe murhun banda, na ɗauko giwan ruwan. Ya bushe ya yi ja, ya ƙanƙance, amma ko a haka sai da na gutsura shi gida biyu kafin ya shiga faifai. Na kawo na ajiye a gabansa.

"Ya ce naka ne. Ya ce kada kowa ya taɓa."

Muktar ya dubi girman kan kifin. Ya sa hannu ya ɓalli tsoka kaɗan, ya riƙe, bai kai baki ba. Sandar na kwance a kan cinyarsa, ɗaya hannun na kan mariƙin keken, yana juya shi a hankali, zaren na komawa ciki, har ƙugiyar ta hau ta tsaya a bakin sandar tana lilo.