Ƙwayar Ƙibar da Gwamma Ta Sha

…da kin zo da wuri. Haka lokotoron ya ce jiya, ya ɗaga hoton ƙashin yana nuna wa Gwamma da bakin alƙalami. Da wuri yaushe? Ga ta zaune a rumfarta a kasuwar Assihar, ƙafar dama a miƙe, sanduna biyu jingine da buhun lalle, ƙugun yana ci kamar an zuba garwashi.

Wai kan ƙashin cinyar ne ya mutu, jini ya daina kai masa. Ƙashi ya mutu mai shi na numfashi? Ikon Allah… Da bara ne, kafin ya burma, sai su huda shi, ta ajiye ƙafar wata uku. Bara! Bara ba ita ke ɗauko dilar atamfa daga bakin titi har nan ba, tana cewa sanyi ne? Ta sha sassaƙe, an yi mata ƙaho, ƙugun nan babu inda wanzami bai tsaga ba.

"Wane magani kike sha?" Ta ce babu. Lokotoron ya dubi kumatunta.

'Yar farar ƙwayar nan ta ƙiba. Shekara shida. To ya za ta yi? Ta koma Damagaram a rame, a ce Aljeriya ta cinye ta? Ranar da ta sauka a tasha — kai Gwamma, kin yi kyau, wuya har guru-guru! — Inna har da guɗa… Da ƙugun ya fara, ta sha biyu ciwon ya lafa, sai ta mai da su uku. Abin da ke kashe ƙashin, da shi take lallashinsa. Kaico.

Yanzu sai an sa ƙarfe. A Alje, babban birni. Da takardu. Waɗanne takardu, ita da ke sauya hanya in ta hango jandarma? Na hagun ma ya fara, in ji shi, amma shi ana iya ceto in ta rage ƙwayar sannu-sannu, ta bar yawan tafiya. Ta bar tafiya ta ci me, ƙasa?

Ga Raliya can tafe da kwanon abinci. Ƙanwarta, ciki ɗaya. Ita Gwamma ta ɗauko ta daga gida, ita ta ce ke, wa zai dube ki haka kamar sillen kara, ungo — da wannan hannun ta ɓallo wa Raliya ƙwayar farko. Shekara huɗu ke nan? Biyar?

Ta yi ɓulɓul, masha Allah. Tana dariya, tana ɗago mata hannu. Wajen mai dabino sai ta tsaya, ta dafa ƙugu, ta ciji leɓe, ta ci gaba.

Takalmi ne. Tsakuwa ce ta shiga, ya Allah ka sa tsakuwa ce…

Gwamma tana kallon takunta. Ɗaya daidai, ɗaya gajere. Ɗaya daidai, ɗaya…